Bikon da Ƙasimu Bai Je Ba

A ƙauyen da aka haifi Ƙasimu, can gefen Gagarawa, uwa ba ta ɗaukar ɗanta na fari a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi ya fasa kuka sai ta kau da kai ta bar wata ta ɗaga shi. Kunya ake ce wa wannan, kuma abin yabo ne. Mahaifiyarsa Mairo ta fi matan garin iya ta. Har yau tsofaffi na ba da labarin ranar da ya taka garwashi yana ɗan tatata, ita kuwa tana zaune tana tankaɗe, ba ta motsa ba sai da maƙwabciya ta ruga ta sure shi. Sun ce rariyar rawa take yi a hannunta, amma ba ta tashi ba. In suna faɗa, yabonta suke yi.

Da aka yaye shi sai aka kai shi riƙo wurin ƙanwar babansa, Gwaggo Rabi, a cikin garin Gagarawa. Gwaggo ba ta cuce shi ba ko sau ɗaya. Sai dai tana da nata shida, ga sana'ar ƙuliƙuli da ba ta barin ta ta zauna. Tun bai iya ɗaure wando ba Ƙasimu ya gane cewa a gidan nan yaron da ba ya neman komai shi ake sa wa albarka. In an manta ba a zuba masa tuwo ba, sai ya sha ruwa ya kwanta. Da safe Gwaggo ta tuna, ta dafe ƙirji ta yi ta salati.

"Kai wane irin yaro ne? Bakinka ciwo yake yi?"

"Ban ji yunwa ba, Gwaggo."

Ɗanta Ilu, sa'ansa kuma taubashinsa, shi ya laƙaba masa suna Malam Shiru. Sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi kasuwa.

Sana'ar da ya kama ma irin tasa ce. Ɗinkin buhu yake yi. In kaka ta yi, riɗi da zoɓorodo suka cika rumfuna, za ka gan shi a tsugune da basilla da ƙullin zare a wuya, yana bin buhunan da aka auna yana rufe musu baki. Ranar Alhamis tun da sassafe yana kasuwar Maigatari, inda Ilu ke lodin manyan motoci. Direbobin Damagaram kan ce in Ƙasimu ne ya ɗinka, ko daga saman mota aka jefo buhu ba ya zubar da ƙwaya ɗaya. Shekara goma sha biyar yana wannan aikin, ba wanda ya taɓa jin ya yi cacar baki da wani.

Adawiyya ce ta fara yi masa magana. Wata kaka ce aka ɗauke shi aiki a Sule Tankarkar, gidan wani manomin riɗi, Malam Usaini. Ita ce autar gidan, wadda har ta isa aure a bayan mahaifiyarta take kwana. Ta kawo masa fura a ƙofar zaure, ta tsaya tana kallon hannunsa.

"Malam, tun hantsi nake jin ƙarar basilla, ban ji ta mutum ba. Ko an ɗinke naka bakin ne tare da na buhun?"

Ya yi dariya, abin da shi kansa ya ba shi mamaki. Kwana huɗu ya yi a gidan, kwana huɗu tana zuba yana saurare. Da ya koma sai ya ji ɗakinsa ya yi masa faɗi. Ilu ne ya kai maganar wurin manya, don shi ya kasa. Bayan shekara aka ɗaura, suka kama haya a Gumel, ciki da falo.

Yana son ta, wannan ba shakka. In zai tafi Maigatari sai ya cika randa ya faskara itace tukuna. Bai taɓa dawowa hannu biyu ba. Amma ita Adawiyya da kunne take gane so. Takan kira shi sau biyar a wuni, in bai ɗaga ba sai ta sake kira.

"Yaya, ka yi kewata yau?"

"Ga tsire nan a leda."

"Ba tsire na tambaye ka ba."

"To ai na dawo."

In ta matsa, sai ya ji kamar an toshe masa numfashi, ya ɗauki buta ya fice masallaci tun ba a kira salla ba. In ya fita, ita kuma sai ta tabbatar wa kanta cewa ya gaji da ita, ta ƙara matsawa. Haka suka yi shekara uku, tana biyo shi yana ja da baya, kowa na ganin ɗan'uwansa ne ke gudun sa.

A shekara ta uku ta samu ciki, wata huɗu ya zube. Ranar Alhamis ce, yana kasuwa. Ya dawo ya tarar da maƙwabta sun kai ta asibiti sun dawo da ita, tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Ya tsaya a bakin ɗaki. Bai san inda ake ajiye irin wannan abin ba.

"Sannu," ya ce. "Allah ya ba da mai albarka."

Ya juya ya tafi neman hanta da maganin ƙarin jini. Ya wanke mata kaya, ya share tsakar gida, ya dafa ruwa. Abu ɗaya ne bai yi ba, bai zauna a bakin gadon ba. Bayan sati biyu ta haɗa 'yan kayanta a jaka ta hau mota zuwa Sule Tankarkar.

Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake yi in mace ta yi yaji. Miji ya bar ta ta huce kwana biyu uku, sannan ya sa babbar riga ya ɗauki wani dattijo, su je su durƙusa a zaure a yi biko. Ita ma abin da take jira ke nan. Ƙasimu bai je ba. A ransa, wanda ya tafi ya san dalilinsa, kuma bin sa da roƙo takura ce. Kara ya yi mata, irin wadda ya ga ana yaba wa. Duk Juma'a yakan ba direba shinkafa da mai da sabulu a kai mata, ba tare da saƙon ko kalma ɗaya ba.

Kwana arba'in ta yi tana leƙen ƙofar zaure. Rannan ta turo masa saƙo a waya: in ba ka so na, ka aiko min da takardata. Ya karanta a tsugune a gaban buhu, ya sake karantawa. Ita nufinta ya taso ya zo ya ce ƙarya ne. Shi kuwa abin da ya gani shi ne tana so ta tafi, kuma bai taɓa riƙe wanda ke son tafiya ba. Ya yagi takarda, ya rubuta saki ɗaya, ya ba direban nan tare da shinkafar satin.

Washegari ya fita aiki kamar kullum. Masu rumfa suka yi ta yaba masa.

"Ka ga namiji. Ko a fuska."

"Wallahi da ni ne da sai an ji ni a Kano."

Cikin makon ne abinci ya fara tsaya masa a wuya. Barci ya ƙaura. Wani abu mai nauyi ya zauna masa a ƙahon zuci, ba ya hawa ba ya sauka. Bai kwashe kayanta ba, bai kuma taɓa su ba, sai ya koma kwana a falo a kan tabarma. Wani lokaci wayarsa takan yi ƙara sau ɗaya ta katse, ya ga sunanta, ya ce wa kansa kuskure ne hannunta ya taɓa. Ya daina zama majalisa. In an gaishe shi yakan amsa daidai, har da murmushi, shi ya sa ba wanda ya lura cewa rigarsa ta fara yi masa yawa.

Ilu ne ya fara gani, ranar wata Alhamis ana lodin motar Zinder. Ya ɗaga buhun riɗi ya saɓa a kafaɗa, sai bakin buhun ya ɓare, riɗi ya kwararo masa ta wuya har cikin riga. Aka duba na biyu, aka duba na uku. Buhu bakwai Ƙasimu ya ɗinka bai ƙulle zaren ba.

"Malam Shiru! Wanka ka ga ina bukata, ka yi min da riɗi?" Ilu na kakkaɓe kai yana dariya, sai idonsa ya sauka a hannun Ƙasimu. Dariyar ta tsaya. "Kai, mene ne wannan?"

Basilla ta huda masa tafin hannu, jini ya bushe har gwiwar hannu. Ƙasimu ya duba kamar hannun wani ne.

"Ban ji ba."

"Ba ka ji ba? Tashi. Tashi, ɗan gidan kawu, kafin in ɗauke ka a kafaɗa kamar buhun."

A wani ƙaramin asibiti a Gumel suka samu ma'aikaciyar jinya, Malama Juwairiyya, dattijuwa mai tabarau a kan hanci. Ta wanke ciwon ta naɗe, ta auna jininsa, ta sake aunawa. Ta kori Ilu waje.

"Malam, shekarunka nawa?"

"Talatin da huɗu."

"Jininka na ɗan sittin ne. Kana barci?"

"Ina ɗan yi."

"Ɗan yi nawa? Awa biyu?" Ta rubuta a kati. "Abinci fa?"

"Ina ganin gyambon ciki ne, Malama. In da za a ba ni na ruwan nan fari."

"Zan ba ka. Amma me ya faru a gidanka wata biyu da suka wuce?"

Ya ɗago ya dube ta. Ba wanda ya taɓa yi masa tambayar kai tsaye haka. Ya ce sun rabu da iyalinsa, amma ba wani abu ba ne, ƙaddara ce.

"Wa ka gaya wa yadda kake ji?"

"Ai kowa ya sani."

"Sun san ka yi saki. Na ce wa ka gaya wa yadda kake ji."

Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. "Shekara ashirin da shida ina kan kujerar nan. In aure ya mutu, wasu kuka suke yi, su hana kowa sakat, su kira waya har ta yi zafi. Waɗannan suna shan wuya, amma ana ganin su, ana tallafa musu. Wasu kuma su haɗiye, a yi ta ce musu masu haƙuri. Su ne ke zuwa min da ciwon ciki da ciwon kai, wani ma sai an kawo shi a kwance. Tun suna yara aka koya musu cewa in sun kira ba mai zuwa, sai suka daina kira. Abin da ke damunka sunansa ciwon damuwa, kuma ana warkewa. Zan rubuta maka takarda ka ga likita. Amma magani ba zai yi maka magana ba, kai za ka yi."

A hanya, cikin adaidaita, ya daɗe yana kallon titi. Sai da suka kusa gida ya buɗe baki, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Ilu, ban so ta tafi ba."

"Allahu akbar! Mai adaidaita tsaya, bebe ya yi magana!" Ilu ya buga cinya, amma idanunsa sun kawo ruwa. "To sakarai, ita ka gaya wa? Saki ɗaya ne fa. Kafin wata uku su cika kalma ɗaya za ka furta, na mayar da ke, shi ke nan, matarka ce. Ba sadaki, ba waliyyi, ba komai."

Ƙasimu ya ƙirga a kalandar bango. Saura kwana ashirin da shida. Ya ga likita, ya fara shan magani, ya fara ɗan runtsawa. Ya ce zai je Juma'a. Juma'a ta zo ya sa riga ya kai har tasha, ya ga motar Sule Tankarkar na cika, ƙafarsa ta ƙi. Ya ce wa kansa akwai sauran lokaci. Juma'a ta biyu ma haka. Yana ta jera kalmomin a baki yana ɗinki, suna warwarewa. Sai da ya rage kwana goma cif Ilu ya zo ya tsaya masa a ka, ya saka shi a mota da hannunsa.

Malam Usaini ya karɓe shi a zaure bayan la'asar, ya sa aka kawo ruwa. Suka gaisa, aka tambayi kasuwa, aka tambayi Gwaggo. Ƙasimu ya durƙusa, ya kafa ido a tabarma.

"Baba, na zo ne in mayar da iyalina."

Dattijon ya girgiza kai.

"Ƙasimu, idda ta cika. Yau kwana tara."

"Baba, saura kwana goma. Na ƙirga, ranar huɗu ga wata na rubuta."

"Da me ka ƙirga?"

"Da kalanda."

"Ai ba kalanda ke ƙirga wa mace mai jini idda ba, ɗana. Tsarki uku ne, kuma ita ce ta san su, ba kai ba, ba ni ba. Na wata yakan kai wata uku, na wata ba ya kaiwa. Da ka tambayi kowane malami da ya gaya maka. Da ka tambaye ta ma." Ya gyara zama. "Yanzu ba matarka ba ce. Kalmarka ba ta isa ta mayar da ita ba. In kana so, sai ka nema kamar kowa, in ta yarda a ɗaura sabo. Ni ba zan tilasta mata ba. Bari in turo ta."

Ta shigo da hijabi ruwan toka, ta zauna a can bakin ƙofa. Ta rame, amma fuskarta a kwance take.

"Ina wuni, Malam Ƙasimu."

Bai taɓa jin sunansa haka a bakinta ba. Ya amsa. Shiru ya shiga tsakaninsu, kuma a karon farko ba ta cike shi ba. Ta bar masa. Ana jin daka daga cikin gida.

"Adawiyya," ya ce, ya tsaya. Ya sake farawa. "Ranar da cikin nan ya zube, ban zauna ba don na ji in na zauna zan faɗi. Da kika taho, kullum ina so in zo. Na ɗauka in na zo na takura miki. Takardar nan, hannuna ne ya rubuta, ni ban so ba. Ba na barci. Ba na iya shiga ɗakin. Ina so ki dawo. Roƙonki nake yi."

Bai taɓa jera magana mai tsawon wannan ba a rayuwarsa. Ta saurara har ya gama, hawaye na bin kuncinta ba ta share ba.

"Ka san sau nawa na kira ka na katse?"

"Na ɗauka kuskure ne."

"Sau talatin da ɗaya ake kuskure?" Ta ɗan yi dariya mara daɗi. "Na kusa zaucewa a gidan nan. Duk motar da ta tsaya sai in ce kai ne. Inna ta dawo da ni ɗakinta, yayyena suka riƙa karɓa-karɓa suna zama da ni, suna ba ni abinci a baki kamar jaririya. Na yi kuka har muryata ta tafi. Ina ƙirga kwanakin nan ina roƙon Allah ya ja su. Ranar da suka cika na yi wanka, na ce to, bai zo ba. Ranar na fara barci."

"Yanzu na zo."

"Ka zo. Kuma wallahi na ji daɗin abin da ka faɗa, shekara uku nake neman sa." Ta sunkuyar da kai. "Amma ni na san kaina yanzu. In na koma, gobe ka yi shiru, zan koma tambaya, kai ka koma masallaci. Ba zan iya sake hawa wancan ciwon ba. Da ƙyar na sauko."

"Zan koya."

"Ka koya. Don Allah ka koya, ko ba don ni ba. Ka ga yadda ka koma kuwa?" Ta dubi hannunsa mai bandeji, ta kau da ido. "Ni dai ba zan dawo ba, Malam Ƙasimu. Ka yafe min, ni ma na yafe maka."

Ta tashi ta shiga gida. Ya so ya miƙe, ya yi sallama, ya ce ba komai, ya kama hanya tun da sauran rana. Amma ya kasa. Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa wanda shi kansa bai san shi ba, ya kifa kai a kan tabarmar mutane yana kuka, kafaɗunsa na jijjiga.

Malam Usaini ya dawo ya tarar da shi haka. Ya janyo labulen zauren don masu wucewa, ya zauna kusa da shi ya ɗora masa hannu a baya.

"Yi abinka, ɗana. Motar Gumel ba ta ƙarewa sai magariba."